Kakan da Gidanku Ya Manta

Burul, nonon goɗiyata na farkon bazara, inuwata da tsakar rana, ke da furfurarki ta fi ƙanƙarar dutsen At-Bashi haske, ina gaisuwa.

Kin tuna ranar da na zo tantinku cigiyar ragon da bai ɓata ba? Kina ɗinkin dardumar ulu, kika ɗago don ki yi mini tsiya, allura ta soke ki. Jini ya fito ɗigo guda, ja wur kamar furen tsauni. Kika ce laifina ne, tsoho ya kafe a ƙofa kamar turke. Ban musa ba.

To, jinin nan ne ya hana ni sakat. "Kan" muke ce wa jini a yarenmu, 'yar kalmar da ba ta cika baki ba. Haka maƙwabtanmu Kazak ke faɗa, haka direbobin Turkiyya masu ratsa garinmu. Amma yayanki Mamirbai ya ɗauke ta ya gindaya mana kamar gungume: wai mun haɗu a kaka na bakwai, jini ɗaya, ba aure, don a al'adarmu sai an wuce kaka bakwai. Mu da muka binne abokan zamanmu, muka aurar da jikoki!

Na je wurin tsofaffin garin Narin, na sha shayi har cikina yana ƙugi, suka jero mini kakanninku. Burul, tsallake yayanki ya yi! A jerin gidanku, tsakanin Esengul da Tinai akwai Bektur, wanda ya saci doki, barci ya kwashe shi a kan sirdi, dokin ya mayar da shi ƙofar mai shi. Tun daga ranar gidanku ya daina ambatonsa. A mayar da shi gurbinsa, kakan da muka haɗa na takwas ne. Halal, kamar ruwan ƙorama!

Na san ɗanki zai zo ya tafi da ke birnin Bishkek kafin ƙanƙara ta toshe hanya. Me za ki yi a saman bene? Wa zai kawo miki itace, ki ce ɗanye ne? Ni kuma wa zai zage ni da safe?

Ranar Juma'a danginku za su taru. Roƙona ɗaya: in Mamirbai ya fara jera kakanni, ki gyara ɗankwali ki faɗi sunan Bektur. Kunyarsu ta yini ɗaya ce. Hunturuna in babu ke, ban san ƙarshensa ba.

Na riga na ware tunkiya mai ƙiba, sadaka ga Bektur, Allah ya jiƙan ɓarawo. Ni kuwa dokin nan ne, Burul: duk inda aka ja ni, ƙofarki zan dawo.

Naki har jinina ya huce,
Toktosun