Yayana Ya Kulle Muryar Babanmu a Cikin Waya

Hajiya Sa'adatu, don Allah ki agaza mini da shawara kafin in yi abin da zai raba ni da yayana.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, makaɗin noma ne a Kekun Waje ta ƙasar Bunguɗu. Labbo Mai Ganga ake ce masa, kuma duk gayyar da bai je ba, manoma kansu sun san lami ce. Da ya rasu abin da ya bari shi ne gangarsa da kwali guda na kaset. Innarmu tana da wata tsohuwar rakoda da take kunna su in ta gama aiki, musamman wata waƙa da ya ambaci sunanta, Indo, yana yabon furar da take kai masa gona.

Rakodar ta mutu. Sai ga yayanmu Mannir, ɗan fari, wanda tun da ya yi kwas ɗin kwamfuta yake kallon duk zuriyarmu kamar tumaki. Ya kwashe kaset ɗin kaf ya kai situdiyo a Gusau aka juye, ya ɗora waƙoƙin a wata manhajar masu sayar da waƙa. Wai yana kare haƙƙin Baba daga ɓarayi. To madalla da ɗan albarka! Yanzu waƙar ba ta jiyuwa sai a cikin manhajar, sai da data, sai da rajistar da ake sabuntawa. Ba ta turuwa, ba ta hawa memori. Na gwada har na gaji.

Na tambaye shi Inna fa, ya ce a saya mata babbar waya mai shafawa. Hajiya, matar da idonta ya yi rauni, wadda ko ƙaramar waya sai an amsa mata kira? A gidan da sai ka hau tudun bayan rumbu kafin ka samu sabis? Wallahi karatun wani asara ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai, da sallah ya je gida ya baje a tsakar gida, ya kunna waƙar Indo a wayarsa gaban surukai da jikoki. Inna ta tashi tsam ta nufi wajen awaki. Shi ne yake yawo yana cewa ai Inna ba ta damu da waƙoƙin ba, ni ce mai neman fitina. Mutumin da ko sunansa Inna ba ta faɗa don kunyar ɗan fari, shi yake jiran ta zauna gabansa ta saurari mijinta yana yabonta! Ni kuwa na ji ta tana tankaɗe tana rera waƙar ƙasa-ƙasa, ta kai wani baiti ta tsaya, ya ɓace mata. Ranar na yi kuka.

Na ga ƙananan rediyo masu cin memori da cajin rana, amma me zan zuba a ciki? Wani mai tura waƙoƙi a kasuwar Tsafe ya ce in kawo wayata zai fasa makullin manhajar ya fitar da waƙoƙin. In sayi rediyon ko wayar? In bari ya fasa?

Ɗiyar makaɗi, daga Gusau

Ɗiyata,

Allah ya jiƙan mahaifinki. Bari in fara da abin da ba za ki so ji ba: yayanki yana da ɗan gaskiya. Makaɗa da yawa sun mutu hannu wofi alhali muryarsu tana tashi a kowace mota. Wanda ya ce ba za a ƙara cin gumin ubansa a banza ba, bai yi laifi ba. Wautarsa ita ce ya kafa ƙofa don ɓarawo, ya rufe har da matar gidan a waje, sannan yana jiran a yaba masa.

Mai fasa makulli kuwa, ki rabu da shi. In ma ya iya, kafin ki hau mota waƙar Indo ta shiga kwamfutarsa, ranar kasuwa mai zuwa kuma ki ji ta a babur ɗin kowane ɗan acaɓa. Kin saɓa ƙa'idar kamfanin manhajar, kin ba Mannir hujja, kin tallata abin da uwarku take jin kunyarsa.

Ba kya ma bukatarsa. Kamfani ne ya sa makulli a kan kwafin da yake sayarwa. Abin da situdiyo ta juye daga kaset ba shi da makulli, kuma yana hannun yayanki. Wannan za ki nema, tare da kaset ɗin, domin gado ne, Inna tana da haƙƙi a ciki, ku ma kuna da shi. Ki yi masa alkawarin ba zai wuce ɗakin Inna da hannunki ba, ki kuma cika. Ki aje baƙar maganar nan taki a gida, don na ji kaifin bakinki tun daga nan. In ya ƙi, ki kai maganar wurin baffanku, ba dandalin dangi na waya ba.

Babbar waya ki bar wa masu yanga. Ki sayi rediyo mai memori, mai manyan madannai da yatsa zai gane ba sai an duba ba, mai batirin da ake iya canzawa. Ki gwada shi a shagon, ki tabbata cewa da an kunna shi waƙa za ta fara. Ki sayi memori mai kyau, ki aje kwafi na biyu a wurinki. Kada ki cika shi da tarkace, muryar Baba kaɗai, waƙar Indo ta zama ta farko.

Abu na ƙarshe. Kin yi wa yayanki dariya don ya manta da kunya, to ke ma kada ki tsaya kanta kina leƙen fuskarta don ki ga ko ta ji daɗi. Ki nuna mata madanni sau ɗaya, ki aje rediyon a gefen gadonta, ki fita ki saki labule. Baitin da ya ɓace mata, mijinta ne zai tuna mata, ba ke ba.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya shirya tsakaninki da ɗan'uwanki.

Hajiya Sa'adatu