Firizata da injin waldar Baba Badamasi

Goggo Tasallah, don Allah ki taimake ni, godiya ce ta ɗaure mini baki.

Ina sayar da kifi a Illo. Ina saye a hannun masunta, in ajiye a firiza har masu saye daga Benin su tsallako. Firizar ta ƙone sau biyu, kowane karo na zubar da kifi ina hawaye. Ni kuwa kullum ƙwan ɗaki nake kallo, in ya haska tar sai in ce wuta ta cika. Ashe ƙwayayen zamani ko da rabin wuta haskawa suke!

Allah ya saka wa Jamaluddeen, mijin ƙanwata, mai gyaran wuta. Ya zo da mitarsa ya jona a soket, muka zauna muna kallo. Lamba tana ɗari biyu da wani abu, sai ta faɗo ɗari da hamsin, firiza ta hau gurnani. Ya leƙa waje ya dawo ya faɗa mini dalili. Duk sanda maƙwabcina Baba Badamasi ya ɗora walda, sai lambar ta faɗi.

Goggo, mutumin nan, lokacin da ruwa ya ci gidanmu, shi ya ba mu ɗaki ni da mahaifiyata. Shi ya yi ta zirga-zirga har aka ja mini wuta daga falwayar ƙofar shagonsa. Da wane baki zan ce injinsa ke kashe mini sana'a? Firizar kuma in ta sake ƙonewa, mai gyara ya ce sai dai a jefar.

Mai Kifi, Illo

'Yata Mai Kifi, na ji daɗin wasiƙarki, don ba kowa ke tuna alheri ba sa'ad da kifinsa ke ruɓewa.

Amma shirun nan ba godiya ba ce. Baba Badamasi bai yi laifi ba, abincinsa yake nema, ke ma haka. Layi ɗaya ne ya ɗauki kayan da suka fi ƙarfinsa.

Ki sa Jamaluddeen ya auna sauran layukan falwayar lokacin da ake walda. In akwai wanda bai faɗuwa, ku je ofishin wuta a mayar da ke can, kada kowa ya hau falwayar da kansa. Ki samu na'urar da ke katse wa firiza wuta in ta yi ƙasa. Ki kuma daina tambayar ƙwan ɗaki.

Sannan ki je ki gaida Baba Badamasi da kifi mai kyau. Ki roƙe shi ya zo ya kalli mitar da idonsa, yayin da wani ke walda a shagonsa. Ba sai kin ce komai ba.

Wanda ya ba ki ɗaki ranar ambaliya, ba abin da zai ɓata masa rai kamar ya ji a bakin kasuwa cewa kin yi asara kin ɓoye masa. Allah ya bar zumunci, ya sa albarka a kifin.

Goggo Tasallah