Zare Uku na Keken Mubaraka

Kaura Namoda,
cikin Azumi, 1999.

Zuwa ga ɗiyata Mubaraka, uwata ta kaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya ibada, ya jikin kakarki? Allah Ya haɗa ƙashin nan, Ya tashi kafaɗunta. Ki gaishe da innarki, ki ce mata ina shan ruwa gidan yayanki Kamalu, ban rame ba.

Bayan haka, uwata, ki nemi wuri ki zauna. Ubanki ya yi ɓarna.

Kin tuna da za ku tafi Shinkafi jinya kin bar hijaban matan Islamiyyar Sakajiki a ɗinke, saura a bi bakinsu da keken wibin don kada yadin ya warware, kika ce in kin dawo dab da Sallah za ki ƙarasa. Kika ce kada kowa ya taɓa keken. To, jiya bayan azahar azumi ya kama ni, majalisa kowa ya miƙe yana minshari, ni kuwa kin san ba ni iya zama. Na shiga ɗakinki na ga farin zare a keke, ga hijabai shuɗɗa. Na ce bari in rage wa yarinyar nan aiki. Na kama zaren nan uku na zare su tas, har ina yaba kaina.

Da na buɗe cikin keken in sa shuɗi, sai na ga ƙugiyoyi biyu suna leƙen juna, ga ramuka kamar gidan tururuwa. Ɗigon fentin da ke nuna hanyar kowane zare duk ya goge. Ni da na tsufa ina canza wa jirgin ƙasa layi a tashar garin nan, ban taɓa aika jirgin Legas Maiduguri ba, ga ni tsugune zare ya gagare ni.

Na ruga wurin Salim tela. Da ya ji, sai da ya riƙe ciki. Wai ba a zare zaren wibin, ko mahaukaci ya sani. Yanke tsohon ake yi daga sama, a ƙulla sabon a wutsiyarsa, a ja a hankali, tsoho ya ja sabo ya nuna masa hanya. Shi kansa bai taɓa sa wa keke zare daga babu ba. Zaren da ke cikin nasa jikan jikan zaren da keken ya zo da shi ne daga Gusau. Na ce to bari in leƙa cikin naka in kwafa, ya tare shi da jiki kamar zan sace masa akuya.

Don Allah in kin san hanyar, ki zana mini a takarda ki ba Amadu direba. Kada innarki ta ji tukuna. Ta ishe ni da maganar rediyon da na gyara bara.

Ki huta lafiya.
Naki mai laifi,
Ladan.

Kaura Namoda.

Zuwa ga uwata Mubaraka,

Sallama da gaisuwa irin ta da. Ina fatan kuna lafiya, mai jiki kuma tana samun sauƙi. Mu nan lafiya lau, in ban da barci da ya ƙaurace mini.

Takardarki ta iso. Na karanta ta sau da yawa ina neman inda kika yi faɗa, ban samu ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Kin ce ke ma ƙulli kike yi, Madam Magdalene ce ta sa zaren ranar da ta yaye ki daga koyon ɗinki ta sayar miki da keken, in je wurinta.

Ban je ba. Kin san duk zamanki a shagonta, in na biya sai na tsokane ta cewa ɗinki ai taka ƙafa ne kawai, mu da muka yi aji huɗu muka riƙe jirgi mu ne ma'aikata. Da wace fuska zan shiga da keke a ka? Kuma gaskiya garin ya canza. Tun da aka ce Shari'a za ta fara aiki bayan Sallah, kowa yana duban shagon da kowa ya shiga. Ba wanda ya hana, amma ana kallo.

Sai na ɗaure keken bayan babur ɗin Kamalu muka tafi Zurmi ranar kasuwa, wurin wani Zubairu da aka ce ba keken da bai sani ba. Mutumin kirki ne, ya shimfiɗa mini buzu. Ya fara da allura kamar yadda ake yi wa keken ɗinki, ya bi da sauran, ya juya. Zare ya tsinke. Ya sake, ya tsinke. Ya ɗaure fuska ya juya da ƙarfi, allura ta karye, guntun ya wuce ta gefen kunnena. Daga nan ya ce shi a ganinsa keken nan akwai iska a ciki. Na ce iskan ga shi zaune a kan buzunka.

Ina Zurmi ashe Malama Firdausi ta Islamiyya ta zo gida ba ta same ni ba. Washegari ta dawo, ta tsaya a zaure ta tambayi aikinsu. Na ce yana kan hanya. Da azumi a bakina, amma ki duba, keken ai ya sha hanya. Ba ta yi dariya ba. Ta ce matan sun yi alkawari da shigar nan iri ɗaya za su fita Idi, su da yawa wannan ne hijabinsu na farko. In ba za a gama ba a faɗa mata tun yanzu ta kwashe ta kai Gusau, kuma na 'yan makaranta da ta yi niyyar kawo miki bayan Sallah can zai bi.

Uwata, sunan da kika yi shekaru kina ginawa da ƙafarki shi ne na zare. Tun da ta fita na kasa zama, na kasa kwanciya. Na zagaya tasha, na dawo, na sake zagayawa, har mai rake ya tambaye ni ko jirgi nake jira.

Gobe zan je wurin Madam. Ki yi mini addu'a.

Mahaifinki,
Ladan.

Kaura Namoda.

Zuwa ga ɗiyata Mubaraka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ibada, ina gaida innarki da ƙoƙari. Na ji an ce tsohuwa ta fara zama da kanta, alhamdu lillahi.

Na je. Na ɗauki keken a ka kamar mai tallan gyaɗa, na bi ta tsakiyar kasuwa don kowa ya kalla ya ƙoshi. Na tarar da Madam cikin akwatuna. Dangin mijinta Aondona sun matsa daga Binuwai su dawo gida kafin Shari'a ta fara. Shi zai tsaya saboda aikinsa a kwaleji, ita da ɗiyarsu Jennifer za su tafi Kirsimeti. Na ce mata, Madam, Shari'ar nan tamu ce, ba ta taɓa ku ba. Ta ce, “Baba Ladan, kai ka faɗa. Surukata rediyo take ji, ba kai ba.”

Sai ta ga abin da ke kaina. Ta buɗe, ta leƙa, ta dube ni. “A'a, injiniya! Ba taka ƙafa ne kawai ba?” Na ce a yi haƙuri, azumi nake. Ta yi dariya har da hawaye, kuma ina jin ta kwana biyu ba ta yi ba.

Ta sa sabuwar allura, ta ɗauko matsefata. Ashe abin bi da bi ne. Ƙugiyar sama ake fara ba zarenta, sannan ta ƙasa, wadda sai an juya keken ta leƙo kafin a same ta, allura ita ce ta ƙarshe. In allura ta riga su, zarenta ya gitta na ƙasa, dole ya tsinke. Kuma sai an ɗaga ƙafar keken zare ke shiga tsakanin faifan da ke matse shi. Na ce ashe sai jirgin kaya ya wuce ake sakin na fasinja, da haka aka ce mini tun farko ai da an wuce wurin. Ta taka, sarƙar zare ta fito shuɗiya, sumul. Na miƙe zan yi godiya.

Sai ta ɗauki almakashi ta datse duka ukun, ta zare su.

Uwata, da ba azumi nake ba ban san abin da zai fito daga bakina ba. Ta miƙo mini matsefatar ta ce in sa da hannuna, don ran da ya sake tsinkewa ba ta nan, kuma ke ba ki iya ba, laifinta ne da ba ta koya miki ba. Na zauna da tabarau a karan hanci, gumi na zuba. Na yi kuskure ta datse. Na sake ta datse. Sai dab da la'asar sarƙa ta fito daga hannuna. In kin dawo ni zan koya miki, ki shirya biyan kuɗin makaranta.

Keke yana gida yana aiki. Na gwada a ƙyalle, ban taɓa hijabi ko ɗaya ba, na rantse. Na aika wa Malama Firdausi cewa ta bar kayanta, ranar da kika sa za ta karɓa. Ki taho da wuri in hali ya yi.

Saura ladan Madam. Na tambaya, ta ce ba kuɗi take so ba. Mai shagon ya fara kawo mutane suna auna ƙofa da ido, don an ce duk wanda ya tafi ba ya dawowa. Ta bar tsohon kekenta da teburi a ciki, ta ba ni mabuɗi. Kullum da safe in buɗe, in share, in zauna a bakin ƙofa har azahar, duk wanda ya tambaya in ce Madam tana dawowa. Ta ce in dattijo ya faɗa za a ji.

Na karɓa. Na san abin da 'yan majalisa za su ce, na riga na tanadar musu amsa. Zaman ne ban san yadda zan yi da shi ba. Kuma ban tambaye ta har yaushe ba, ita ma ba ta faɗa ba, ta dai juya tana ɗaure akwati.

Motarsu ta tashi ɗazu. Gobe in Allah Ya kai mu zan fara.

Allah Ya yi miki albarka, Ya dawo da ku lafiya.
Mahaifinki, maigadin shagon Madam,
Ladan.