Biyar bisa ashirin a jarrabawar ambaliya

Zuwa ga shugaban malaman da suka tsara jarrabawar fahimtar karatu ta ƴan aji biyu na kwaleji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da jan alƙalaminka. Ka gafarce ni, ranka ya daɗe, ban ambaci sunanka ba. Na tambayi mushen ajin ƴata, wato malaminsu, ya ce shi ma bai sani ba, takarda kawai aka aiko musu da amsoshinta a cikin ambulan. Shi ya sa na rubuta a fili, ko wani zai karanta maka.

Sunana Sale, magini ne ni a nan Matameye. Da rani ina tafiya Kano aikin bulo, da damina in dawo gona. Karatuna na lakwal, wato boko, bai wuce aji huɗu ba, don haka Rabi, ƴata ta fari, ita ta fassara mini takardar daga Faransanci, mushenta kuma ya tabbatar ba ta ƙara komai ba.

Damina biyu da suka wuce, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ruwa ya ci gidanmu. Ni ina Dungu ina yaɓen wani shago. Rabi ce ta ga gindin bangon ɗakin kakarta ya jiƙe ya kumbura, ta ruga ta kira maƙwabciyarmu Talatu mai ƙosai. Talatu ta goya tsohuwar ta fito da ita, ba su kai zaure ba ɗakin ya rushe. Rumbu ya tafi, littattafan Rabi suka zama kunu, shekarar ta maimaita aji. Dokarku kuwa ka fi ni saninta: wanda ya maimaita, in ya sake faɗuwa sai gida.

Bana kuka ba su labarin ambaliya su karanta su amsa tambayoyi. Ta ce da ta ga takardar har murmushi ta yi, don an zo inda ta sani. Aka ba ta biyar bisa ashirin, makin ya ja ta ƙasa da layin wucewa. Ga abin da ya faru.

Na ɗaya. Labarin ya ce ruwa ya shigo gari kamar zaki mai ruri, kuka tambayi sunan wannan salo. Ta rubuta kamantawa, daidai da amsarku. Sai ta ƙara cewa kamancen bai dace ba, domin ruwan da ta gani shiru ya shigo ta ƙarƙashin ƙyaure, kamar muzuru ya zo ɗaukar kaza. Aka ja layi aka rubuta ta fita daga batu, aka raba makin biyu. Ranka ya daɗe, zakin da ƴaƴanmu suka sani yana jikin kwalin shayi ne. Muzuru kuwa kowane gida ya yi masa kuka.

Na biyu. Kuka ce bango ya durƙusa yana kuka, wai ana kiran wannan mutuntawa, wato a ba abu marar rai halin mutum. Ban ƙi ba. Mu ma muna cewa wuta ta ci, hadari ya taso, ba mu taɓa neman maki a kai ba. Rabi ta kawo sunan, amma ta manta harafi ɗaya a cikin wannan doguwar kalma taku ta Faransanci, wadda ni sai na huta sau biyu kafin in kai ƙarshenta. Sifili. Ta kuma bayyana yadda bangon ƙasa yake sha daga gindi, ya yi ciki, ya tsage, sannan ya zube. Tun ina saurayi nake gini, ban taɓa cin karo da bango mai gwiwa ba, amma abin da ta rubuta shi ne abin da ya sa uwata take raye.

Na uku. Wane ne jarumin labarin? Amsarku ita ce jami'in da ya iso a mota washegari ya raba barguna. Rabi ta ce wata mata ce da aka ambata a layi ɗaya ba suna, wadda ta fito da ƴaƴan maƙwabta a cikin kwando. Ta kawo hujja daga cikin labarin, ta nuna layin. Sifili kuma. Ban raina bargo ba, mun karɓa mun gode. Sai dai shi mai motar takalminsa ma bai jiƙe ba.

Na huɗu shi ya fi ƙona mini rai. Kuka tambayi darasin labarin, amsar ambulan kuma ita ce sakacin mutane ke jawo musu bala'i, don suna gini a kan hanyar ruwa. Gidanmu kakana ya gina shi, ruwa bai taɓa bi ta nan ba sai da wani mai hali ya dasa shago a bakin magudana. Yarinyar da ta yi wata biyu tana kwana a ajin makaranta da tabarmar aro, ita kuke so ta rubuta da hannunta cewa laifin ubanta ne. Ta bar wurin fari.

Na je wurin mushenta da takardar. Mutumin kirki ne, ya ba ni kujera. Ya ce, "Malam Sale, wallahi duk ajin babu wanda ya fahimci labarin nan kamar Rabi, amma an hana mu kauce wa abin da aka aiko." Na ce to ashe ambulan ne malamin, shi ɗan aike ne. Ya yi dariya bai musa ba.

Da zancen maki ne kaɗai, da na haƙura. Amma shekaranjiya muna cin tuwo ta ce mini, "Baba, ka daina wahalar da kanka, na gane yanzu. In an sake tambayata, abin da ban gani ba zan rubuta." Tuwon nan ban iya ƙarasa shi ba. Ba don ta koyi wannan nake ɗaukar bulo a Kano ba.

Roƙona ga shi. A sake duba takardarta kafin majalisar malamai ta zauna kan masu wucewa da masu tafiya gida, a ba wa malamin da ya san yaran izinin karɓar amsar da ta zo da hujja ko da ba ta cikin ambulan. Ku ci gaba da koya musu kamantawa da mutuntawa da jigo, ina so ta iya su har ta fi ku. Amma kafin ku ba yara labarin ambaliya ko gobara ko yunwa, ku tambayi mushen ajin su wa ke zaune a kan bencin. In kuma kana shakkar bayaninta, ka zo Matameye cikin watan Agusta, ka tambayi gidan Sale magini. Akwai tsohon ɗaki ɗaya da ban samu na gyara ba, za mu yi maka shimfiɗa a ciki.

Allah ya ƙara maka girma da lafiya, ya shirya maka zuriya, ya sa ƴaƴanka su san ambaliya a takarda kawai.

Wassalam.

Sale magini,
Matameye.