Kaskar Auta ta Fi Tsabtata

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya ƙara sauƙin ƙafar nan taki. Mu nan duk lafiya lau. Inna ta warware daga murar da ta yi, har ta koma faɗanta na kullum, uwar yara kuma tana gaishe ki.

Yaya, labari ya zo min cewa Inna ta ce miki a waya ki kwashe tumakinki biyar daga garkena ki mayar wurin Auta. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da su, ko ɗan rago ɗaya bai taɓa ɓata a hannuna ba. Shi ya sa na ce bari ki ji daga bakina.

Watan jiya aka sanar cewa likitocin dabbobi za su zo su ɗibi jinin tumaki, su duba ko sun taɓa haɗuwa da wata ƙwayar cuta da kaska ke yaɗawa. Wai dabba ba ta nuna alamar komai, mutum ne take kwantarwa. Kin san halina, ba na son baƙo ya ga ƙazanta a wurina. Ana jibi za su zo na tsuguna a garke tun safe, na bi tumakin ɗaya bayan ɗaya, kunne da hammata da gindin wutsiya, na cire kaska ina murtsuke ta da farce, na wanke su tas. Auta kuwa ko tsintsiya bai ɗauka ba.

Da suka iso, likitar, wata doguwa mai tabarau, ta ɗaga kunnen tunkiya biyar a wurina ba ta ga komai ba. Ashe kaskar ma suke so, suna zuba ta a kwalba tare da jinin dabbar da aka same ta a jikinta. Ta tambaye ni yadda na yi, na gaya mata ina murmushi, ina jiran yabo. Sai ta kama hannuna ta duba farcen, ta ce ta haka cutar ke shiga mutum, in zazzaɓi ya kama ni cikin mako biyu in tafi asibiti ba jira. A gaban maƙwabta fa, Yaya. Ba su ɗibi jinin nawa ba, suka tsallaka zuwa garken Auta, can suka tarar da kaska har ta ishe su.

Ba zan ɓoye miki ba, kishi nake, kuma ya hana ni sakewa. Yaron da ni na koya masa ɗaure tunkiya, yau tumakinsa goma sha huɗu kowace da lamba rawaya a kunne. Sun ba shi safar hannu da ɗan matsi na cire kaska, ya zauna gaban motarsu yana nuna musu gidaje. Mahauci ma in ya shigo layinmu ƙofarsa yake fara tsayawa. Da sakamako ya fito aka ce uku cikin nasa sun taɓa haɗuwa da ƙwayar, Allah ya yafe min, sai da na ji sanyi a raina. Amma Inna ta ce shi aƙalla ya san abin da ke garkensa, ni fa me na sani? Alhamdulillahi mako biyun sun wuce, ko ciwon kai ban yi ba.

Na bi likitocin ofishinsu don a duba nawa, magatakarda ya ce adadin da suke nema ya cika. Lambar wayar likitar kuma Auta kaɗai ke da ita. Kwana huɗu ina kaiwa ƙofarsa ina juyowa. Jiya dai na haɗiye girman kai na yi sallama. Ban ƙarasa magana ba ya ce tun makon jiya ya roƙe ta, ta yarda za ta dawo ranar Talata saboda garkena. Ya ce ya gaya mata duk abin da ya iya a wurina ya koya, kuma shi ba zai karɓi tumakinki ba ko Inna ta tilasta shi. Sai ya miƙo min safar hannu ɗaya cikin biyun da aka ba shi.

Kin ga abin da ya yi min. Na je da haushina cike da ciki, ya bar ni ba inda zan sauke shi. Roƙona dai ki dakata har Talata ta wuce. Yau kwana tara, tun ranar da na je ofishinsu, ban taɓa tumakin ba don likitar ta sami kaskar da za ta ɗiba, ina kallon kaska tana taruwa a kunnen tsohuwar tunkiyarki, hannuna yana ƙaiƙayi, na soke shi a aljihu.

Ki gaishe min da maigida, da Babban Yaro, da 'yan biyu, da takwarar Inna. Auta ma ya ce in gaishe ki, kuma ga shi na isar.

Naki ƙanin,
Mai Tumaki