Tsagar da Ta Kai Ƙofar Baranda

Port Antonio, 9 ga Maris, 1978

Ƙanena Linval,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Dorrit da yara. Ya sanyin Ingila? Har yau bai koro ka gida ba?

An yi aikin da ka nace a yi. Kafinta ya yi kwana uku yana kankare daɓen katakon gidan nan da injinsa, ya cike tsaguna, ya shafa man ƙyalli. Na huta da durƙuson Asabar ina goge shi da kakin zuma da ɓawon kwakwa. Gwiwoyina sun gode.

Mama dai ba ta gode ba. Shekara takwas da rasa idonta, ba ta taɓa neman a riƙe mata hannu ba, mu kuma ba mu taɓa tambayar dalili ba. Ashe da tafin ƙafa take gani. Kwarmin da ke bakin ɗakinta, da kan ƙusar gaban tebur, da tsagar nan da ta miƙe har ƙofar baranda, su ne hanyarta, mun kuwa shafe su tas. Jiya na same ta tsaye a tsakiyar falo, hannu a miƙe, tana tambaya a hankali wai gidan wa aka kawo ta.

Ka gaida kowa.

Yayarka,
Icilda

Port Antonio, 20 ga Nuwamba, 1978

Linval,

Ina gaisuwa. Ya ƙarin haƙurinmu? Ya jikin Dorrit?

Ka daina rubuto min cewa tsufa ne. Tun ranar nan Mama ba ta sake taka falo ba, ta zauna a gado har ta cika a watan Agusta. Ni da kai muka zaunar da ita.

Akwai abin da na ɓoye maka. Tun bayan jana'iza, kullum da la'asar idan rana ta shigo ta taga, sai in ga sawu a kan ƙyallin. Ƙafa ce ƙarama ba takalmi, babban yatsan hagu a karkace. Kai ma ka san ta. Daga bakin ɗakinta yake farawa, ya zo tsakiyar falo ya yi ta zagaye wuri ɗaya. In goge, gobe ya dawo. Fasto ya ce danshin teku ne. Danshi mai yatsa!

Ban ji tsoro ba, tausayi ne ya hana ni cin abinci. Ko tafiyar ma Mama ta kasa, don ba ta gane ƙofa.

Makon jiya na ɗauki wuƙa da guduma, na durƙusa, na rufe ido. Shekara talatin ina goge daɓen nan, hannuna bai manta ba. Na rarake kwarmin, na kafa ƙusar, na buɗe tsagar har baranda. Na lalata maka aikinka, ka yi fushi in ka ga dama.

Shekaranjiya sawun ya bi tsagar, ya miƙe sambal, ya fita ta ƙofa. Jiya da yau na zauna har rana ta faɗi, babu sabon sawu.

Na ɗauka zan ji daɗi. Ban goge sawun nan na ƙarshe ba, Linval. Ta jikin bango nake bi idan zan wuce, kuma na hana kowa shiga falon.

Allah ya tsare ku.

Yayarka mai kewarka,
Icilda