Kar Ki Buɗe Obin

Zuwa ga mijina Dogo,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya rana, ya kuma ciwon bayan nan da kujerar motar daɓe hanya ta saka maka? Direban kamfaninku ya ce inda kuka kai da shimfiɗa kwalta ko ɗigon sabis babu, shi ya sa na koma biro da takarda kamar 'yan ajina. Ka yi haƙuri da rubutun, a tsaye nake yin sa.

Mu nan lafiya lau, in ban da Baba. Ba na son tayar maka da hankali, amma ba zan ɓoye maka ba: mahaifinka ba ya cin abinci. Tun da aka sallamo shi daga asibiti kullum ƙara zubewa yake, agogonsa har yawo yake yi a tsintsiyar hannunsa. Jiya likita ta ɗora shi a sikeli, ta ja ni gefe ta ce in muka koma ƙarshen wata ya ƙara raguwa, za su kwantar da shi su saka masa robar abinci ta hanci. Ka san kunnen Baba, ya ji. Da muka shiga mota sai ya ce asibitin da Inna ta cika a ciki ba zai sake kwana a cikinsa ba, ko da ɗaukarsa za a yi.

Babu abin da ban gwada ba. Romon kaza, romon kifi, madara, miya mai ruwa-ruwa, duk abin da aka ce marar lafiya yana iya sha. In kai masa ɗaki, in ja kujera in zauna, in yi ta lallashi, cokali ɗaya dai Baba, ɗaya tak. Sai ya dubi kwanon, hannuwansa cikin bargo, ya ce ya ƙoshi. Shekaranjiya da abin ya ishe ni na ɗebo da kaina na kai masa baki. Dogo, juyar da fuskarsa ya yi bango. Na fito na shiga banɗaki na saki famfo don kar ya ji kukana. Girkina ne ba ya so, ko ni ce? Ka faɗa mini gaskiya, ka fi ni saninsa.

Ni kaina ba na samun sukunin girka nawa. Mahaucin bakin layi, mai surutun nan, ya ce in ɗauki tsokar cinya dunƙule guda in gasa a obin, in riƙa yanka ina haɗawa da burodi ina tafiya da shi makaranta. Wai ita ta fi araha a teburinsa, don mutane na gudun taurinta. Ya zayyano mini yadda ake yi, na ji rabi, rabin hankalina yana gida. Yanzu haka na kwashe tukwanen da na cusa a obin ɗin tun tarewarmu, gobe zan gwada.

Ka riƙa shan ruwa, ka daina kwana da takalmi. Ka sa mu a addu'a.

Matarka,
Uwar Gaggawa

Dogona,

Ina gaishe ka, ina gaida abokan aikinka. Da fatan bayan ya yi sauƙi. Amsarka ba ta iso ba tukuna, ni kuwa ba zan iya jira ba.

Gashin ya watse, kuma kar ka yi dariya. Na shafe naman da gishiri da masoro da tafarnuwa na saka, sai zama ya gagare ni. In leƙa ta gilashi ban ga komai ba, in buɗe, in tsikare shi da cokali mai yatsu, in rufe. In je ƙofar Baba in kasa kunne, in dawo in sake buɗewa. Da na ga kamar ba ya ko motsi, na murɗa wutar har ƙarshe. Abin da ya fito waje baƙi ƙirin, ciki kuwa tafin takalminka na aiki ya fi shi laushi. Na yanka da zafinsa, ɗan ruwan da ya rage ya malale a katako. Haushi ya sa na kife masa kwano, na bar shi nan kan tebur na hau sama shanya.

Da na sauko na ɗaga kwanon, yankan da na yi sun ragu. Nan take na ɗora laifin kan kyanwar maƙwabciyarmu, har na je na buga mata ƙofa na faɗi maganganu. Ta rantse kyanwarta na ɗaki tun safe. Sai da na dawo na tsaya na dubi teburin da kyau, na tuna a kife na tarar da kwanon yadda na bar shi. Kyanwa dai ba ta mayar da murfi.

Washegari Baba yana wanka, na shiga canja masa zanin gado. Na ja akwatin nan da yake ajiye tsofaffin kayan gyaran agogonsa don in share ƙarƙashi, murfin ya buɗe. Rigunansa ne a ciki, waɗanda na yi ta nema har na zargi mai wanki. An ninke su tsaf, kowace da busasshen romo daga wuya har ciki.

Na zauna a ƙasa. Ashe in na gaji da lallashi na fita na bar masa kwanon, yana gwadawa. Hannunsa ne ke rawa, cokalin ba ya isa baki da komai a ciki. Shi ya sa kullum hannuwan suna cikin bargo ko aljihu. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar ƙusar agogo da ba ta fi ƙwayar yashi ba, yau romo ya gagare shi, ga kuma surukarsa ta ja kujera ta zuba masa ido tana ƙirga masa cokali. Ni kuma duk abin da na dafa masa mai ruwa ne. Yunwa yake ji, Dogo. Yunwar da ta sa ya tauna wannan ƙonannen naman a tsaye, a ɓoye, don shi ne kaɗai abin da zai iya ɗauka da yatsu bai zube ba.

Na mayar da rigunan yadda na same su. Don Allah in ka rubuto masa kar ka nuna ka sani. Kunya da tausayi sun hana ni sakat, ko a aji sai in tsinci kaina riƙe da alli ban san me zan rubuta ba.

Taka,
Uwar Gaggawa

Mijina abin alfaharina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarka ta iso, na karanta ta a kan matakala tun kafin in shiga gida. Na gode da ka ce ba ni ce ba ya so ba. Ban gode ba da ka ce ko ruwa ka sa ni in tafasa sai na buɗe shi sau goma.

Na koma wurin mahauci na ba shi labarin gashin, ya yi dariya har ya ajiye wuƙa. Wannan karon na tsaya na saurara. Ya ce in shafa gishirin tun ana gobe, in bar shi a firij. In soya bayansa a kasko mai zafi har ya yi ja ta kowane gefe, sannan in saka a obin da wuta ƙasa-ƙasa. Kar in buɗe, don duk buɗewa zafin nake zubarwa. In ya yi, in fito da shi in rufe, in bar shi ya huta ruwansa ya koma jiki. Sannan in yanka sala-sala, a gicciye, kar in bi zaren naman. Ya ce tsokar cinya ba ta da wani laifi, takura ce ba ta so.

Na yi duk yadda ya ce, na ɗauko littattafan yara na zauna a falo wai ina maki. Ƙamshi ya cika gidan, sai ga Baba ya fito, karo na farko a gabana ba don banɗaki ba. Ya zauna inda yake hango agogon bango. Can na kasa daurewa na miƙe na nufi kicin, sai na ji ya yi gyaran murya. Na dawo na zauna. Na sake miƙewa, ya sake. Haka muka yi ta yi, ni da shi, babu mai kallon wani, har sai da ya ɗaga kai ya dubi agogon, ya dube ni, sannan na je na fito da naman.

Dogo, ka ga nama! Ya nuna har ciki, da ruwansa, wuƙa na ratsa shi ba gardama. Na jera yankan a faranti da burodi da dafaffen dankali gutsure-gutsure, ban ajiye cokali ba. Na ɗaga murya na ce zan je in ba maƙwabciya haƙuri kan maganar kyanwa. Haƙurin bai ɗau lokaci ba, sauran na ƙare shi ina hawa da sauka a matakala, ina kai hannu ƙofarmu ina janyewa. Da na shigo, farantin ya yi rabi, Baba yana ɗakinsa.

Tun ranar kullum sai na je ba da haƙuri. Amma ƙarshen wata ya matso, ni kuma ban sani ba ko abin da yake ci ya isa. Ina kallon agogon hannunsa, wani lokaci in ga kamar ya daina yawo, wani lokaci in ga idona ne. Ka yi mana addu'a, zuciyata ta ƙi zama wuri ɗaya.

Matarka mai kewarka,
Uwar Gaggawa

Dogo,

Gaisuwa a gurguje, direbanku yana ƙasa yana mini ham. Da fatan kana lafiya.

Mun je asibiti. Baba ya hau sikeli, ni na rufe ido. Bai ragu ba, har ya ɗan ƙaru. Likita ta ce maganar roba a ajiye ta tukuna, mu ci gaba da abin da muke yi. A mota, da muka zo bakin layi ya ce in tsaya wurin mahauci.

Amma ba wannan ne ya sa nake rubuto maka a gurguje ba. Jiya da rana na yanka naman na jera, na ɗauki mayafi kamar kullum. Sai Baba ya ce ai baiwar Allahn nan ta sha haƙuri ya ishe ta haka, ya sa ƙafa ya turo mini kujera. Na zauna. Ya fito da hannuwansa biyu ya ɗora a kan tebur, a gabana, suna ta karkarwa. Ya ɗauki yanka ɗaya, ya kusa kai shi baki, ya suɓuce ya faɗi ƙasa.

Ban tashi ba. Kai kaɗai ka san abin da hakan ya ci mini. Na danne gwiwoyina da hannu, na ci gaba da tauna nawa. Ya ɗan jima, sannan ya miƙa hannu ya ɗauki wani, ya ci. Ya ce gishirin ya ɗan yi yawa. Naman nan yana ƙarƙashin tebur har muka gama.

In ka dawo za mu ci mu uku. In ka ji wani abu ya faɗi, ka ci gaba da cin abincinka.

Taka har kullum,
Uwar Gaggawa